Gugguru: Soyawa Ake Yi ko Toyawa?

Tambayoyin wannan makon sun taru a kan gugguru. Da alama tsadar na leda ta sa iyaye mata sun koma yi wa yara a gida, gardamar kalmomi kuma ta biyo su har madafa.

Wata uwa daga Mabera ta ce: "Allah gafarta Malam, ɗiyata ta ce gugguru sunan ƙauye ne, wai fofkon ake cewa. Ina gaskiya take?"

Hajiya, gaskiya tana wurinki. Gugguru ne sunansa, a birni da ƙauye. Yarbawa ma guguru suke cewa, su ci shi da gyaɗa, kuma ina ganin kalmar tana cikin waɗanda fatauci ya yi ta kai da kawowa tsakaninmu da su. Kada wani ya ce ninka harafin g ɗin nan Sakkwatanci ne irin na hulla da jakki da kuɗɗi, don ko a Kano haka ake faɗinsa. Ki gaida mini ɗiyar, ki ce mata aro yana da kyau ne in babu abin a gida.

Wani ɗalibi daga Runjin Sambo ya ce: "Malam, wanne ne daidai, dafa gugguru, ko toya gugguru, ko haɗa gugguru?"

Ɗana, duka ukun ka kuskure, amma na ukun ya fi ci mini rai. Wannan "haɗa" ta zama annoba. Yau ana haɗa shayi, ana haɗa miya, ana haɗa ƙosai, har na ji wata a rediyo tana koya wa mata yadda ake haɗa tuwo. Tuwo tuƙa shi ake yi, bayan an yi ruɗe an yi talge. Fura a dama ta, kunu a dama shi, dambu a turara shi, tsire a gasa shi, kan rago a babbake shi, miya a kaɗa ta. Kowace kalma daga cikin waɗannan tana ɗauke da umarni: nawa ne ruwan, yaya wutar take, me hannu zai riƙa yi. Wanda ya ce "haɗa" bai gaya maka komai ba, shi ya sa za ka ga yarinya ta haddace sunan kayan girki ashirin amma ba ta san lokacin rage wuta ba.

To, mu dawo ga gugguru. Dahuwa ta ruwa ce, kuma in ka jefa wannan tsaba a ruwa ka tafasa, ƙwaya ɗaya ba za ta fashe ba. Tuya kuwa ta ƙullu ce, abin da aka kwaɓa aka zuba a mai ko a tanda, kamar masa da ƙosai. Abin da ya rage shi ne suya. Ana soya nama, ana soya gyaɗa, kuma lura da cewa gyaɗa a cikin rairayi mai zafi ake soya ta ba tare da ɗigon mai ba, duk da haka sunanta soyayya. Ashe ba mai ne ke sa a ce suya ba, zafi ne da juyawa. Saboda haka soya gugguru ake yi.

Kuma kalmar tana koya maka aikin. Mai suya ba ya barin tukunya ya tafi hira. Ka sami tukunya mai kaurin gindi da murfi, ka zuba man gyaɗa cokali biyu ko uku, ka jefa ƙwaya uku. In sun fashe, mai ya yi zafi, sai ka zuba kamar rabin gwangwanin madara, yadda tsabar za ta shimfiɗu a gindin tukunya ba ta hau kan juna ba. Ka rufe, ka riƙa girgizawa, ka ɗan karkata murfin tururi ya fita don kada ya yi laushi. Da ka ji ƙarar ta ja baya, ana daƙiƙa biyu ko uku kafin wata ta fashe, sauke. Wanda ya tsaya jiran ƙwayar ƙarshe zai ci ƙauri. Wannan rabin gwangwanin zai cika babban kwano, tunda ƙwaya mai kyau takan ninka girmanta sau talatin ko fiye.

Wani manomi daga Wamakko ya ce: "Shin gaskiya ne masara daga Masar ta zo? Kuma don me tawa ta gona ba ta yin gugguru?"

Sunan ne ya zo daga Masar, ita kanta shukar 'yar Meziko ce, a can aka fara noma ta shekaru kusan 9,000 da suka wuce, ba ta kuma shigo Afirka ba sai bayan shekarar 1500. Bahaushe ya laƙaba mata sunan hanyar da ya ɗauka ta biyo. Ta gonarka kuwa iri ce daban. Ta gugguru ƙanana ce mai taurin ɓawo, da ɗan danshi a ciki, kamar kashi 14 cikin ɗari. In zafi ya kai wajen digiri 180, danshin ya zama tururi ya rasa mafita, sai ɓawon ya tsage, cikin ya kumbura ya fito fari. Taka tururin sulalewa yake yi, sai dai ta gasu. Iskar hunturu da zafin bazarar Sakkwato ma suna busar da ta guggurun in an bar ta a buɗe. In ta fara ƙin fashewa, a zuba ta a kwalba da ruwa ƙaramin cokali ɗaya, a rufe gam, a girgiza, a bar ta kwana biyu ko uku.

Wata malamar makaranta daga Arkilla ta ce: "Mene ne ma'anar 'gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya'?"

Malama, rana tana narkar da man kaɗe ba ta taɓa gishiri, ruwa kuma yana narkar da gishiri ya bar mai. Kowa da abin da ke karya shi, don haka kada ka yi wa wani dariya ranar wuyarsa. Masu gaggawa kan tsaya a rabin farko, su mai da shi kirarin gishiri, alhali dukan ma'anar tana a rabin ƙarshe.

Tunda maganar gugguru muke yi, gishiri ba ya narkewa a mai, shi ya sa yake zubewa gindin kwano. A daka shi ya yi laushi kamar gari, a barbaɗa da zafinsa. In akwai soyayyen man shanu, cokali ɗaya ya isa ya kama gishirin. Yajin ƙuli ma yana hawa da kyau, ko dakakkiyar citta da ɗan barkono. Mai son zaƙi ya narkar da mazarƙwaila da ɗan ruwa har ta yi danƙo, ya zuba ya juya da sauri. Ta fi sukari ƙamshi, kuma ba sai an nemi kayan kanti ba.

Wani daga Gawon Nama ya ce: "Tsakin da ke cikin 'daidai ruwa daidai tsaki', na baki ne?"

A'a, na hatsi ne, ɓarzajjen da bai zama gari ba. Na baki ana jan wasalinsa na farko. Ma'anar ita ce ka yi abu gwargwadon abin da ke hannunka.

Wata daga Gidan Igwai ta ce: "An yi tuya an manta da albasa, to ana sa wa gugguru albasa ne?"

Ba a sawa, 'yata. Karin maganar na nufin an yi aiki an tsallake abin da ya fi muhimmanci, kuma tuya aka ce, ba suya ba.