Igiyar da ke jan masu zamiya zuwa saman dutse

Tambaya: Salam Injiniya, ni ɗalibi ne a nan Bauchi, na ga wani bidiyo a TikTok wasu na zamiya kan dusar ƙanƙara, waya na jansu zuwa saman dutse ƙafarsu a ƙasa. Me ya hana su sa irin motar nan ta wurin shaƙatawa na Obudu a jihar Kuros Riba mai tafiya a sama rataye da waya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kuɗi ne ya hana, sai kuma iska. Abin da ka gani ɗin aikinsa kamar bel ɗin injin niƙa ne, babban wili a gindin dutse wani a sama, waya na zagayawa tsakaninsu, sai a rataya mata sanda mai siffar harafin T mutum ya saƙala a bayan cinyoyinsa ta riƙa turashi sama yana tsaye. Ba a zama a kai fa, sabon shiga da ya ɗauka kujera ce nan take zai sha ƙasa.

Kuma ba sabon abu bane, tun 1908 wani mai suna Robert Winterhalder ya haɗa igiyar jan masu zamiya ta farko a Schollach ta ƙasar Jamus, da ƙarfin ruwan da ke juya injin niƙarsa. A 1934 kuma a Woodstock ta jihar Vermont a Amurka injin tsohuwar mota Ford suka sa yana jan igiya.

To ka ɗauki ƙaramin wurin wasa can cikin ƙauye, mutane ba yawa, dusar ma wata uku ko huɗu ta narke, ina za su samo kuɗin manyan turaku irin na Obudu? Wannan kuwa turakunta gajeru ne, ma'aikaci ɗaya ko biyu sun isa. Idan iska ta taso, ka san dai yadda hunturu ke kaɗawa kan duwatsun Dass, dole a tsaida mai tafiya a sama saboda lilo, ita ko ta ƙasa sau da yawa tana cigaba da aiki.

Amma ni abin da yafi burgeni shine ranar da aka ɗauke wuta ko inji ya tsaya, babu wanda zai maƙale a sama cikin sanyi yana jiran masu ceto daga gari mai nisa, kowa sakin sandar zai yi ya gangaro abinsa. Wallahi a wurin da asibiti ke da nisa wannan ba ƙaramin abu bane.

Ko a Afirka akwai ta, a wurin zamiya na Afriski a ƙasar Lesotho, lokacin sanyinsu daga Yuni zuwa Agusta.