Wayata ce shagona, amma ta fara cinye min gida

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya ƙoƙari? Ni matar aure ce a Gombe, ina da yara uku, kuma ina sayar da atamfofi da lesuka da turaren wuta daga gida. Ba ni da shago a kasuwa. Hoton kaya nake ɗauka in ɗora a sitatus ɗin WhatsApp da shafina na Facebook, wadda ta ga abin da ya yi mata ta turo kuɗi, in ba mai keke ya kai mata. Alhamdu lillahi sana'ar ta karɓe ni, da ita nake zubin adashe nake kuma tallafa wa maigida a hidimar yara.

Damuwata ita ce wayar ta fi ƙarfina. Zan ɗauke ta da niyyar amsa wa mai tambayar farashi, kafin in ankara ina TikTok ina bin rigimar mutanen da ban taɓa gani ba. Rannan ƙaramar 'yata ta dawo daga Islamiyya ta tsaya a gabana tana biya min haddarta, ni kuwa ina cewa "to, to" idona na kan waya, har ta yi shiru ta rufe littafinta ta fita, ban lura ba sai daga baya. Da dare kowa ya yi barci ni ina cikin bargo da hasken waya a fuskata, sallar Asuba kuma sau da yawa sai gari ya waye nake samunta. Maigida ya yi faɗa har ya gaji, yanzu ya ce ko in rage ko ya karɓe wayar. Na taɓa goge TikTok, ban jima ba na sake sauke shi. Anti, idan na ajiye waya ciniki ya tsaya, idan na riƙe ta gidana ya lalace. Ki ba ni shawara.

Taki, wata baiwar Allah daga Gombe.

Wa alaikumus salam 'yata. Da farko ki sani ba lalaci ko rashin tarbiyya ne ya kai ki nan ba, domin manhajojin nan da gangan aka ƙera su don su riƙe mutum. Wannan tsari na jan shafi da yatsa ba tare da an kai ƙarshe ba, wani injiniya ne a Amurka mai suna Aza Raskin ya ƙirƙiro shi a 2006, kuma daga baya ya fito fili ya nuna nadamarsa. TikTok kuwa yana lura da bidiyon da kika tsaya a kansa da wanda kika wuce da sauri, sai ya riƙa kawo miki irin wanda ya fi riƙe ki, kuma tun da ba ki san abin da zai biyo baya ba, kullum zuciya tana cewa bari in ga ɗaya kawai. Kamfanonin da tallace-tallace suke cin riba, ribar kuma lokacinki ce. Shi ya sa alkawarin "daga yau na daina" ba ya kai ko'ina idan wayar tana nan a ƙarƙashin matashin kai.

Sai dai zan gaya miki abin da wataƙila ba zai yi miki daɗi ba. Kin haɗa sana'a da kallon bidiyo a kwando ɗaya, sana'ar ta zama hujjar da kike kare kallon da ita, a gaban maigida da kuma a gaban kanki. Ki gwada da kanki. Idan wayarki Android ce, ki shiga saitin ki nemi Digital Wellbeing, idan iPhone ce ki nemi Screen Time. Tun 2018 aka fara sa su a wayoyi, kuma za su nuna miki sa'o'in da kowace manhaja ta ci a rana. Ki duba nawa ne na WhatsApp, nawa ne na TikTok, sannan ki tambayi kanki turmi nawa kika sayar ta TikTok a watan da ya wuce. A wurin kuma za ki iya sa wa manhajar iyakar lokaci, ta rufe kanta idan ya cika.

Kin ce wayarki ce shagonki, to ki bi da ita yadda ake bi da shago. Masu atamfa a babbar kasuwar Gombe suna buɗewa da safe su kulle kafin Magariba, kuma ba wanda ya taɓa bin su gida da tsakar dare yana tambayar kuɗin leshi, gobe kuma masu saye suna dawowa. Ki koma WhatsApp Business idan ba shi kike amfani da shi ba, kyauta ne, yana ba ki damar jera kayanki da farashinsu yadda mai saye za ta gani ba sai ta tambaye ki ba, yana kuma aika saƙo da kansa cewa an tashi, za a amsa da safe. Ki tsayar da lokacin ciniki, misali daga tafiyar yara makaranta zuwa Azahar, sannan wani ɗan lokaci bayan La'asar, ki rubuta shi a sitatus kowa ya gani. Wadda take son kayanki da gaske za ta jira. Wadda za ta fasa saboda ba ki amsa ƙarfe goma sha biyun dare ba, yawanci mai taya kaya ce ta tafi ba ta saya ba.

Abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne dare. Bayan Isha'i wayar ta kwana a falo, a can za a sa mata caji, kada ta ƙetare ƙofar ɗakin barci. Idan kina tsoron kiran gaggawa daga dangi, ki sayi ƙaramar waya mai maɓalli ki sa mata layi ɗaya, ita ce kuma za ta tashe ki Asuba. Hasken waya da tashin hankalin da rigingimun mutane ke sa wa zuciya duk suna kore barci, wadda ba ta yi barci ba kuwa da rana ba ta da ƙarfin hana kanta komai, sai ta sake komawa wayar. Idan kika gyara dare, rabin aikin ya kammala. Lokacin dawowar yara daga Islamiyya ma ki sa shi cikin lokutan da shago ke kulle, ki kira yarinyar nan da kanki ki ce ta biya miki, kada ki jira ta sake kawo kanta.

Sauran ƙanana ne. Ki kashe ƙarar sanarwar duk wata manhaja in ban da kira, ki sa gurup-gurup na biki da na ƙawaye su yi shiru. Kuɗin data ma ki riƙa rubuta shi cikin lissafin sana'a, musamman tun da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin har zuwa kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a Janairun 2025, bidiyo kuwa shi ya fi komai shan data. Idan kika cire shi daga ribar wata, za ki ga abin da kallon yake ci miki.

Game da maigida, kada ki bari sai ya karɓe wayar, domin hakan zai kashe miki sana'a ya bar muku gaba, matsalar kuma tana nan. Ki same shi a lokacin da hankalinsa yake kwance, ki nuna masa alƙaluman da wayar ta ba ki, ki gaya masa tsarin da kika yi, ki roƙe shi ya taya ki, har da ajiye tasa wayar a falo tare da taki in zai yiwu. Akwai kuma tambayar da wasiƙarki ba ta taɓo ba: me wayar take cike miki? Mata da yawa masu wuni a gida kaɗaici ne ke kai su, ba son bidiyo ba. Idan haka ne, ki nemi izini ki shiga Islamiyyar matan aure, ki dawo da ziyarar 'yan uwa da maƙwabta, domin idan aka cire wayar ba a sa komai a gurbinta ba, hannu zai koma inda ya saba. Za a samu ranakun da za ki karya tsarin, ki ci gaba washegari kawai. Amma idan kika ajiye wayar na wasu makonni kuma barci ya ƙi zuwa, ko kika ji ƙunci ya zauna miki a zuciya ba dalili, ki je ki ga likita, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ko wanda ya fi kusa da ke, ki gaya masa komai yadda kika gaya min. Ina jiran ki sake rubuto min in ji inda aka kwana.