Tambaya da Amsa: Wa za a fara kira gaban kwamiti kan batun ruwa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Wata uku ke nan da aka tura ni ofishin wani kwamitin majalisa. Yanzu kwamitin zai yi nazari kan manufar ruwa, kuma shugaba ya ɗora mini tsara zaman sauraron shaidu. An ba mu zama shida, kowanne awa biyu. 'Yan majalisa sun miƙo sunaye sun haura arba'in, kowa na son a kira nasa. Ta ina zan fara? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya taimaka. Na yi shekaru ina wannan aiki kafin in ajiye, shi ya sa wasiƙarki ta taɓa ni.

Ki ajiye takardar sunayen nan tukuna. Ki samu shugaban kwamiti da mataimakinsa, ki tambaye su me suke son rahoton ya amsa. Batun ruwa faɗi gare shi: akwai na sha, akwai na noman rani, akwai madatsun ruwa, akwai gurɓacewar koguna, akwai rabon ruwa tsakanin na sama da na ƙasan kogi. Awa goma sha biyu ba za ta ɗauke su duka ba. Idan suka tsaya kan tambayoyi uku ko huɗu, sai ki auna kowane suna da su. Wanda ba zai amsa ko ɗaya ba, ki roƙe shi ya aiko da bayaninsa a rubuce, a saka a kundin kwamiti. Hakan ba raini ba ne, kuma da yawa sun fi son haka.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne jerin da za a kira mutane. Al'ada ita ce a buɗe da minista da manyan daraktoci, don girmamawa. Ni na daina yarda da wannan. A ranar farko 'yan majalisa ba su san abin da za su tambaya ba, sai jami'i ya karanta jawabinsa, a gode masa, ya tafi. Ya fi kyau a fara da ƙwararru biyu da za su shimfiɗa yadda lamarin yake, sai masu shan ruwan da masu noma da shi, sai ma'aikatan da ke kwana a matatar ruwa. Hukumomi su zo a ƙarshe, lokacin da tambayoyi suka yi kaifi.

Dubi abin da ya faru a garin Flint na jihar Mishigan a Amurka. A watan Afrilun 2014 aka mayar da garin kan ruwan kogin Flint ba tare da saka maganin da ke hana bututu zaizayewa ba, dalma ta shiga ruwan sha. Da kwamitin majalisar wakilai ya zauna a farkon Fabrairun 2016, cikin waɗanda ya saurara har da LeeAnne Walters, uwar da aka gwada ruwan gidanta, da Farfesa Marc Edwards wanda ya yi gwaje-gwajen. Sai ranar 17 ga Maris gwamna Rick Snyder da shugabar hukumar kare muhalli Gina McCarthy suka bayyana. Kafin ranar, 'yan kwamiti sun riga sun san wa ya kai kuka, yaushe, kuma wa ya yi shiru.

Ma'aikatan matatar ruwa kuwa, kusan kullum mantawa ake yi da su, alhali a hannunsu abin yake. A Walkerton ta lardin Ontariyo a Kanada, a watan Mayun 2000, ruwan sama ya kwaso kashin shanu ya shiga wata rijiyar gari, mutum bakwai suka rasu, sama da 2,000 suka kamu da rashin lafiya. Binciken da mai shari'a Dennis O'Connor ya jagoranta ya gano cewa ba a saka sinadarin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta yadda ya kamata, kuma ana rubuta alƙaluman ƙarya a littafin aiki. Irin wannan ba ya fitowa daga bakin darakta. Haka nan kada ki bar manoma a baya, domin kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba daga koguna da ƙarƙashin ƙasa a duniya, noma ne ke sha.

Bari in ba ki labarin kuskurena. Na taɓa jera mutum bakwai a zama guda, na saka wani dattijo manomi a ƙarshe. Jami'an da suka fara magana suka cinye lokaci, aka buga ƙararrawar kaɗa ƙuri'a, 'yan majalisa suka watse sai biyu. Dattijon ya yi kwana biyu a hanya. Ya zo da kwalba cike da ruwan rijiyar ƙauyensu, ya ajiye ta a gabansa, laka ta kwanta a gindinta. Minti uku ya samu. Na ga yadda ya ninke takardarsa gida huɗu ya saka a aljihu, ya ɗauki kwalbarsa, ya yi mana godiya. Har yau abin yana damuna, kuma laifina ne, don ni na yi jerin. Tun daga ranar ban sake saka fiye da mutum uku ko huɗu a awa guda ba, kuma wanda ya fito daga nesa shi ke fara magana.

A wasu majalisu, kamar ta Kanada, minti biyar ake ba mai shaida ya gabatar da jawabinsa, sauran lokacin na tambayoyi ne. Tsari ne mai kyau, amma ki faɗa wa mutum tun a takardar gayyata, ki kuma kira shi a waya ki bayyana masa yadda ɗakin yake da wanda zai zauna ina. Wanda bai taɓa shiga majalisa ba, gabansa faɗuwa yake yi. Ki tambaye shi da wane harshe ya fi sakewa, a tanadi tafinta da wuri, a kuma daidaita maganar kuɗin mota da masauki kafin ya baro gida.

Game da rabon sunaye tsakanin jam'iyyu, kada ki ɗauki wannan nauyi ke kaɗai. Ki shirya jerin, ki rubuta dalilin kowane suna a layi guda, ki kai gaban kwamiti su amince a rubuce. Ki sa masu saɓanin ra'ayi a teburi ɗaya, misali mai masana'anta da masuncin da ke ƙasan kogi, don kowa ya ji amsar ɗan'uwansa a take. Zama na shida kuma ki bar rabinsa ba kowa. Za a samu wani suna da zai fito daga bakin shaidu wanda babu shi cikin arba'in ɗin nan, kuma za ki so a ce kina da inda za ki saka shi.