Ina Zan Kai Yara a Legas?

Tambaya: Za mu yi hutun kwana uku a Legas da yara huɗu. Ina ya dace mu kai su? — Wata uwa daga Zariya

Amsa: Hajiya, ki fara da gandun daji na Lekki, kuma ku fita da sassafe, domin cunkoson hanyar Lekki zuwa Epe kan cinye rabin yini. Akwai gadar sama mai tsawon mita 401 da ke lilo tsakanin itatuwa. Ba ta ƙananan yara ba ce, su bi hanyar katako ta ƙasa. Ki ɓoye abinci cikin jaka mai zif, don birai na fizge leda daga hannun yaro.

In teku kuke so, ku je Tarkwa Bay. Sai da jirgin ruwa ake zuwa, kuma katangar duwatsu na rage ƙarfin igiyar ruwa. Kada kowa ya shiga jirgi ba rigar kariya daidai jikinsa. Babbar riga kan zame wa yaro ta ka. Ku dawo kafin magariba.

Ranar ƙarshe, gidan tarihi na Onikan: motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta a 1976 tana nan, da ramukan harsasai a jikinta.