Amsa ga ɗan'uwan da aka sayi kamfaninsu

Ɗan'uwa, ka ce an sayi kamfaninku, tsoron sallama ya hana ka barci. Allah ya kawo sauƙi.

Don Allah kada jita-jita ta sa ka ajiye aiki da kanka, domin wanda ya yi murabus yakan rasa kuɗin sallama. Tun yau ka kai takardar ɗaukarka aiki da takardun albashinka gida. Ka duba asusun fanshonka ko ana zuba kuɗin kowane wata. Naka ne, ba ya bin kamfani. A Najeriya, dokar fansho ta 2014 ta yarda ka cire kashi 25 cikin ɗari in ka yi wata huɗu babu aiki.

Duk takardar da suka miƙo maka, kada ka sa hannu sai ƙungiyarku ta ma'aikata ta gani.