Tambaya da Amsa: Wai "oho" zagi ne? Kuma meye "meh" ɗin nan na yara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya sanyi. Ni uwa ce daga Anguwar Rogo nan Jos. Ranar Asabar na dawo daga Farin Gada niƙi-niƙi da kayan miya, na tarar da babban ɗana yana kwance a falo yana danna waya, nace ina ƙaninka, ko ɗago kai bai yi ba yace min "oho". Wallahi Malam abin ya tsaya min a rai har dare. Babansu yace in bar maganar, wai ban sani ba kawai yake nufi, yaren yaran yanzu ne. Da na karɓe wayar kuma sai na ga abokinsa ya turo masa hoton takalmi shi kuma ya rubuta "meh", na ɗauka "me?" yake tambaya sai ƙanwarsa tace a'a turanci ne. Dan Allah daga ina oho ta samo asali, zagi ce ko ba zagi ba, kuma ɗaya suke da meh ɗin nan?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su ya shirya mana su. Bari in fara da maganar maigida, domin rabinta gaskiya ne rabi kuma da gyara.

Oho ba yaren yaran yanzu bane, ta girmi ni da ke da kakanninmu. Bahaushiyar kalma ce tsantsa, ba a Legas aka ɗauko ta ba kuma ba turancin buroka bane, ko a babban ƙamus ɗin nan da Bature Bargery ya haɗa aka buga a 1934, mai kalmomi wajen 39,000, tana ciki da wannan ma'anar tata ta ba ruwana. A nahawu tana cikin abin da malaman Hausa ke kira kalmomin motsin rai, wato 'yan gidan su kash, tir, wayyo, af, haba, assha, yawwa. Irin waɗannan ba a tsiro su daga wata kalma ba kamar yadda manomi ya fito daga noma ko makaranta daga karatu, sauti ne da baki ke fitarwa idan zuciya ta motsa, har jama'a suka saba dashi ya zauna ya zama kalma. Wani abin da ke burge ni da ita ma shine, ki zauna ki lissafa kalmomin da suka fara da harafin o a Hausa, zaki ga ofis, oda, Oktoba, oga, omo, kusan duk baƙi ne aro aka yi, oho na cikin 'yan ƙalilan da suke 'yan gida.

Sannan oho biyu ce, kunne ne ke raba su. Akwai wadda ake jan ƙarshenta, ohoo, wato yanzu na gane, kamar a ce miki ai mai keken nan ƙanin mai shagon ne ki ce ohoo shi yasa suke kama. Wannan ba ta da laifi ko kaɗan, ko gaban surukai a faɗe ta. Ɗayar kuma gajeriya ce a datse, kuma da wuya ta fito ita kaɗai, tare take zuwa da taɓe baki da ɗaga kafaɗa, wani lokacin har da watsa hannu ko tsaki ya biyo baya. Ita ce yaronki ya baki.

To anan ne nake ganin maigida ya ɗauki abin da sauƙi. E, akwai ban sani ba a cikin oho, amma ba ita kaɗai bace a ciki. Wanda yace ban sani ba ya baki labari ne akan iliminsa, kuma yana iya ƙarawa da bari in leƙa waje in duba. Wanda yace oho abu biyu ya faɗa a numfashi ɗaya, ban sani ba kuma ban damu in sani ba, ya rufe ƙofar maganar kenan ya barki tsaye da tambayarki. Shi yasa take da zafi duk da babu ashar a cikinta, ba a ambaci uwar kowa ba, ba a siffanta kowa da mummunan abu ba, amma mutum sai ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyin Jos da asuba.

Kwanakin baya a Terminus naje karɓar gyaran waya na tarar shagon a kulle, na tambayi na kusa dashi ko ya san inda ya tafi, yana ƙirga canji ko kallona bai yi ba ya taɓe baki yace "oho masa". Wani dattijo mai sayar da safa da hular sanyi a gefe, shima fa bai san inda mutumin yake ba, amma yace wallahi ban ga fitarsa ba, ga benci zauna ƙila sallah ya tafi. Dukkansu biyun basu sani ba Hajiya, amma na farkon na bar wajensa raina a ɓace, na biyun kuwa har safa na saya.

Ki lura da wannan "masa" ɗin, kalmar har rassa tayi. Ana cewa oho masa, oho miki, oho musu, wato can ta matse musu. Ana cewa oho dai idan an yi wa mutum nasiha har an gaji an sallama. Ana cewa ko oho, har ta koma kamar suna, a ce na kai masa kuka yayi ko oho dani, wanda a rediyo idan ana so a gyara harshe sai a ce halin ko-in-kula. Kuma tana da dangi da yawa, ina ruwana, kanka ake ji, to sai me, ko a kwalar rigata, da ko a jikina wai an tsikari kakkausa, shi kakkausa daga kaushi yake, fatar da tayi kaushi ko an tsikare ta ba ta ji. Yaranmu na Jos da suka tashi da buroka a baki suna haɗawa da nasu irin su "na you sabi", duk tafiyar ɗaya ce.

Tsakanin sa'o'i ba komai, abokai na jefa wa juna ita a majalisa ana dariya, uwa ma takan ce wa yaro oho idan ya dame ta da tambayar ina takalminsa. Amma daga ƙasa zuwa sama ba ta tafiya, ɗa ga uwa, ɗalibi ga malami, yaron shago ga maigidansa, wannan rashin kunya ce a Hausa ko a wane gari. Abin da ya fi damuna ma a labarinki shine ƙaninsa kika tambaya, ba rimot ko caja ba, yaro ƙarami da ya fita a gari irin namu da kowa ya san yadda hankalin uwa ke tashi in yamma tayi ba ta ga ɗanta ba. Don haka ɓacin ranki na kan hanya. Shawarata kar ki yi masa a gaban ƙannensa, ki bari sai kun keɓe, ki ce masa ya maimaita kalmar yadda ya faɗe ta da bakin da kafaɗar, sannan ki tambaye shi da me yake nufi. Da yawansu wallahi basu taɓa tsayawa sun ji nauyinta ba, a bakin abokai suka tsince ta. Ki bashi abin da zai maye gurbinta, ban sani ba Mama bari in dubo shi.

Ita kuwa meh ƙanwarsa ta faɗi daidai, daga Amurka ta zo. Masu binciken harshe da yawa suna danganta ta da Yidish, yaren Yahudawan gabashin Turai da suka yi ta ƙaura zuwa Amurka, don a wani ƙamus nasu na 1928 akwai "me" da ma'anar ba yabo ba fallasa, da kuma kukan akuya. Abin da ya yaɗa ta a duniya shine katun ɗin The Simpsons, an ji ta a ciki tun 1994, sai a 2001 aka yi wani shiri da uban ke zumuɗin kai yaransa wajen wasa suka ce masa meh, da ya sake tambaya 'yar ta jero masa haruffan kalmar ɗaya bayan ɗaya. A 2008 ƙamus ɗin Collins na Birtaniya ya shigar da ita.

Amma ba ɗaya suke da oho ba. Meh hukunci ce akan abu, na gani bai burge ni ba, ba laifi dai, haka-haka. Mai cewa meh aƙalla ya kalli takalmin. Kuma ruɗewar da kika yi ba laifinki bane, mutanenmu a WhatsApp da Facebook sun saba liƙa h a ƙarshen kalma, toh, ehh, nih, har "meh kace?" da "sai meh?", to in kin ga alamar tambaya ko wasu kalmomin Hausa a gefenta me ɗinmu ce ta gida. In ta zo ita kaɗai tsurarta a ƙarƙashin hoto kamar yadda kika gani, to takalmin abokin nasa ne bai yi masa ba.