Banki ya ce bai san lauyana ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Manchesta. Ni da maigidana mun taya wani gida fam 215,000, mai shi ya sallama, banki kuma ya yarda zai ba mu rance. Tun kafin nan mun ɗauki wani lauya mai zaman kansa, shi kaɗai ne a ofishinsa, mutumin kirki ne, har mun biya shi kuɗin binciken gidan ya fara aiki. Kwatsam sai dillalin rance ya kira wai lauyanmu ba ya cikin jerin lauyoyin da bankin ya amince da su, ko dai mu sauya shi, ko mu biya wani lauya na biyu da zai tsaya wa bankin. Fisabilillahi wannan ba cin zali ba ne? Mu ke biya, su ke zaɓa? Na biyu, cikin kuɗin kafin alƙalami akwai fam 12,000 da yayana ya ranta mini, zan riƙa biyansa a hankali. Wata abokiyar aikina ta ce in ce musu kyauta ce kawai, babu mai bincikawa. Me za ka ce? Daga wata mai karatu, Manchesta.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sanya albarka a abin da aka nufa. Haushinki na gane shi, amma bankin bai karya wata doka ba, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da ba a cika gaya wa masu sayen gida a Ingila da Wales ba shi ne, lauyan da suka ɗauka mutum biyu yake yi wa aiki a lokaci guda: mai saye da bankin da ya ba da rance. Ke kina son gida marar rikici. Bankin yana son tabbacin cewa idan biya ya gagara zai iya sayar da gidan ya mai da kuɗinsa. Kafin ya saki ko fam ɗaya, sai lauyan ya sa hannu a wata takardar shaida cewa ya duba mallakar gidan a rajistar HM Land Registry, wato hukumar rajistar filaye da gidaje, ya ga babu wani cikas, kuma za a rubuta jinginar bankin a kai. Da wannan sa hannun kaɗai banki ke tura dubban ɗaruruwan fam zuwa asusun ofishin lauya. To wanda zai miƙa irin wannan kuɗi yana da ikon cewa ga wanda ya yarda da shi.

A da kusan kowane lauya mai lasisi na cikin jerin kowane banki. Abin ya sauya bayan karyewar tattalin arziki ta 2008, lokacin da farashin gidaje ya faɗi, aka bankaɗo damfara iri-iri da aka yi da rancen gida, wasu ma da hannun lauyoyi a ciki. Bankuna suka shiga zaftare jerinsu. A farkon 2012 bankin HSBC ya rage nasa zuwa ofisoshi 43 kacal, ƙungiyar lauyoyi ta Law Society ta yi ca a kansa, bayan 'yan watanni ya sassauta ya karɓi ofisoshin da ke da shaidar CQS, wato tambarin ingancin aikin cinikin gida da ƙungiyar ta ɓullo da shi a wajajen 2011. Har yau bankuna da dama na neman wannan tambari. Wasu suna ƙara sharaɗi: adadin cinikin da ofis ya kammala da su a shekara, ko yawan abokan haɗin gwiwa a ofishin. A nan lauya mai aiki shi kaɗai yake faɗuwa, komai ƙwarewarsa. Ni a ganina wannan sharaɗin ya yi tsauri, don na san ƙananan ofisoshi da suka fi manyan kamfanoni kula da fayil nesa ba kusa ba, amma ra'ayina ba zai buɗe miki asusun banki ba.

Abin da na fi jin takaicinsa a labarinki shi ne lauyan naki. Tambayar farko da ya kamata ya yi miki ranar da kika shiga ofishinsa ita ce, wane banki ne zai ba ku rance? Da ya yi, da ba a zo nan ba.

Yanzu ga abin yi. Ki tambaye shi ko zai iya neman shiga jerin bankin. Yawancin bankuna suna karɓar irin wannan buƙata ta kamfanonin da ke kula musu da jerin, irin su LMS ko Lender Exchange. Sai dai yana iya ɗaukar makonni, ana kuma iya ƙi, ga shi tayin rance na da wa'adi, galibi wata uku zuwa shida. Hanyar lauya biyu kuwa tana yiwuwa, amma kuɗin lauyan bankin daga aljihunku zai fito, kuma kowace takarda sai ta bi ta tebur biyu. Na sha ganin ciniki ya tsaya cik ana jiran lauyan banki ya amsa tambaya guda kan wata tsohuwar takardar izinin gini. Ki tuna, a Ingila matuƙar ba a yi musayar yarjejeniya ba, mai gida na iya fasawa ya sayar wa wanda ya ƙara masa kuɗi, babu abin da za ki yi. Jinkiri ba abokinki ba ne. Tunda ba ku yi nisa ba, ni dai sauya lauya zan ce. Ku biya na farko ladan aikin da ya riga ya yi, ku karɓi sakamakon binciken da kuka biya (na ƙaramar hukuma, na ruwa da magudana, na muhalli) ku tambayi sabon ko zai yi aiki da su. Sau da yawa ana karɓa idan ba su wuce wata shida ba. Sabon yana iya zama lauya da hukumar SRA ke sa wa ido, ko ƙwararren mai cinikin gida da ke ƙarƙashin hukumar CLC, duk ɗaya ne a wajen yawancin bankuna. Kafin ku biya shi komai, ya rubuto muku a imel cewa yana cikin jerin wannan bankin da sunansa. Idan dillalin gidan ya tura ku wajen nasa lauyan, ba dole ba ne ku bi, kuma kuna da haƙƙin sanin la'adar da yake samu a kai.

Sai maganar fam 12,000, wadda a wajena ta fi ta farko nauyi. Malama, kada ki bi shawarar abokiyar aikinki. Ana bincikawa, kuma lauyan naki ne ma zai bincika. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2017 ta wajabta masa ya san inda kowane kuɗi ya fito. Zai nemi bayanan asusunki na watanni, ya ga ranar da kuɗin ya shigo, ya nemi fasfon yayanki da bayanan asusunsa shi ma. Idan kika ce kyauta ce, yayanki zai sa hannu a wasiƙa cewa ba ya jiran a biya shi, ba shi kuma da wani haƙƙi a gidan. Kin ga kin jawo shi cikin ƙarya a rubuce. Faɗa wa banki abin da ba haka ba don a samu rance damfara ce a ƙarƙashin dokar Fraud Act ta 2006.

Ga inda aikin lauya ga mutum biyu yake ciwo. Akwai littafin ƙa'idoji da ƙungiyar bankuna ta UK Finance ke fitarwa, wanda lauyan da ke cikin jeri yake bi sau da ƙafa, kuma ya umarce shi da ya sanar da banki idan ba duk sauran kuɗin ne ya fito daga aljihun mai saye ba. A ce kina zaune a ofishinsa, ya miƙo miki biro, sai baki ya suɓuce kika ce ai bashi ne, amma kada a gaya musu. Daga wannan lokacin hannunsa ya ɗaure. Ba zai tona sirrinki ba tare da izininki ba, ba kuma zai ɓoye wa banki ba. Idan kika hana, sai ya ajiye aikin, ya mai da wa bankin takardunsa ba tare da bayyana ainihin dalilin ba. Bankuna kuwa sun san abin da irin wannan shirun yake nufi.

Ki koma wajen dillalin rance ki gaya masa gaskiya. Akwai bankunan da ke karɓar rancen dangi, su dai lissafa shi cikin abin da za ku riƙa biya duk wata, wataƙila su ɗan rage abin da za su ba ku. Ko kuma ku zauna da yayan naki, idan zai iya yafewa da gaske, to ta zama kyauta, wasiƙar ma ta zama gaskiya.

Akwai wani abu da ba ki tambaya ba amma zai taso. A farashin gidanku, masu sayen gidan farko ba sa biyan harajin Stamp Duty, wato harajin sayen gida, domin tun 1 ga Afrilu 2025 fam 300,000 na farko ne aka yafe musu harajinsa. Sharaɗin shi ne daga ke har maigidan babu wanda ya taɓa mallakar gidan zama a ko'ina a duniya, har da wanda aka gada. Sabon lauyan zai tambaye ku wannan kafin ya cike takardar harajin, wadda dole a miƙa cikin kwana 14 daga ranar da aka kammala ciniki, don haka ku bincika tun yanzu ko sunan ɗayanku na kan wani gida.